Yadda Ake Bin Salsalar Kayan Adon Gidajen Sarauta

A ranar 14 ga Nuwamba, 2018, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya fito da wani lu'ulu'un teku guda ɗaya a birnin Geneva, yana rataye a ƙarƙashin ɗan adon daimon. Masana sun ƙiyasta zai yi dala miliyan 1 zuwa 2. Wanda ya saya dala miliyan 36 ya biya. Lu'ulu'un mai kyau ne, amma abin da ya ja wannan kuɗi shi ne an iya nuna duk hannun da ya bi, tun daga Sarauniyar Faransa Marie Antoinette har zuwa dangin Bourbon-Parma da suka kawo shi kasuwa.

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya riga ya san ƙashin bayan wannan aiki. Ba a karɓar magana don daɗinta, sai an ji wane ya karɓa daga wane, kuma an tabbatar mutanen biyu sun yi zamani ɗaya. Haka ake yi wa kambi da sarƙa da zobe. Kowane hannu yana buƙatar takardar da ta shaide shi, inda babu takarda kuma sai a rubuta cewa salsala ta yanke a nan.

Fara da abin da ke gabanka

Kafin ka buɗe kowane kundi, ka san kayan kansa. Auna nauyinsa da tsawonsa da faɗinsa. Ƙirga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta yadda aka jera su. Ɗauki hoton gaba da baya da maɗauri da cikin akwatin da ya zo a ciki. Bayan kaya ya fi gabansa faɗin gaskiya, domin a can ake ganin wurin da aka yi gyara, da inda aka ƙara, da inda aka yanke.

Sai ka ɗauki gilashin ƙara girma ka nemi tambari. A kayan Ingila, kan damisa yana nufin an gwada ƙarfen a Landan, ƙugiyar jirgin ruwa kuma Birmingham, sannan akwai harafi guda da ke nuna shekara. A Faransa, tun 1838 ake buga kan gaggafa a kan zinariya mai karat 18. Kayan Rasha na zamanin sarakuna suna ɗauke da lamba 56 a zinariya, wato kusan karat 14, da 84 a azurfa. Rashin tambari ba hujja ba ce cewa kaya jabu ne, don tsofaffin kayan adon Ingila da yawa ba a taɓa buga musu komai ba.

Ƙirar ma tana da shekarunta. A ƙarni na 18 akan rufe bayan dutse, a sa masa siririn ƙarfe mai launi a ƙasa don ya ƙara ƙyalli. A ƙarni na 19 akan dasa daimon cikin azurfa, a yi mata bango da zinariya. Filatinam bai zama ruwan dare ba sai wajen 1900. Salon yankan daimon mai zagaye da ake gani a yau ya samo lissafinsa ne a 1919, lu'ulu'un kiwo mai zagaye kuma sai wajen 1920 ya cika kasuwa. Idan aka ce maka wannan sarƙar Marie Antoinette ce, ka duba ka ga filatinam ce tun daga tushe, to ko dai an sake dasa duwatsun daga baya, ko kuma labarin ƙanzon kurege ne.

Ka yi hattara da shekara ko suna da aka rubuta a jikin kaya. Kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da Habasha da ƙasashen Larabawa har mata suka riƙa rataya shi, 1780 ake rubutawa a jikinsa ko da an buga shi shekara ɗari bayan nan. Akwai kuma jan dutsen da ke taskar masarautar Ingila da ake kira yakutun Timur, da sunan wani sarkin yaƙi na tsakiyar Asiya. Ba yakutu ba ne, wani dutse ne mai kama da shi da ake kira sifinel, kuma sunayen da aka sassaƙa a jikinsa na sarakunan Indiya ne, su Jahangir da Shah Jahan da Aurangzeb, da Nadir Shah na Iran. Babu abin da ya nuna Timur ya taɓa mallakarsa.

Idan kayan mai tsada ne, a kai shi ɗakin gwaji irin GIA a Amurka, ko SSEF a Basel, ko Gübelin a Lucerne. Za su faɗa maka ko lu'ulu'un na asali ne ko na kiwo, kuma sau da yawa har ƙasar da dutse ya fito. Wannan yana sare ƙarya da wuri. Daimon na Afirka ta Kudu ba a gano shi ba sai 1867, shuɗin yakutun Kashmir kuma sai wajen 1881, don haka ba za su hau wuyan Marie Antoinette, wadda ta rasu a 1793, ba.

Daga yau ake komawa baya

Mafi yawan masu fara wannan aiki a nan suke ɓata. Sukan ɗauki sunan sarauniyar da aka laƙaba wa kayan, su fara daga kanta suna gangarowa, suna neman hanyar da za ta kawo su ga abin da ke hannunsu. Mai nema irin wannan kullum yana samu, domin zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci. Kai ka fara da mai kayan na yanzu. A ina ya samu? Saye ne, gado ne, ko kyauta? A wace shekara? Ina rasit, ina takardar inshora, ina wasiƙa? Sai ka tabbatar da wannan hannu kafin ka taka zuwa na bayansa.

Labarin da dangi ke bayarwa ka rubuta shi a takarda daban, tare da sunan wanda ya faɗa da wanda ya ji a wurinsa. Kada ka raina shi, domin shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Amma ba ya shiga jerin hujjoji sai takarda ta mara masa baya.

Zana nasabar gidan, ka bi ta ɓangaren mata

Sarauta da gidaje da gonaki sukan bi 'ya'ya maza, kayan ado kuwa ta hannun mata suka fi tafiya: uwa ta ba 'ya, gwaggo ta ba 'yar ɗan'uwa, suruka ta ba amarya. Kowane aure yana sauya sunan mace, wani lokaci har ƙasarta. Saboda haka ka zana bishiyar dangi da shekarun haihuwa da aure da mutuwa. Don gidajen sarautar Turai akwai kundin Almanach de Gotha, wanda aka riƙa bugawa daga 1763 zuwa 1944. Don manyan gidajen Birtaniya akwai Burke's da Debrett's. Ka lura laƙabi ɗaya mata da yawa sun riƙe shi a jere, don haka in takarda ta ce "matar Duke na wuri kaza", sai ka tantance wacce a cikinsu.

Kayan Marie Antoinette sun nuna yadda kyakkyawar salsala take. A 1791, da al'amura suka rincaɓe a Paris, aka naɗe kayanta cikin akwatin katako aka aika Brussels wurin Mercy-Argenteau, wanda ya daɗe yana jakadan Ostiriya a Faransa. Bayan an kashe ta a 1793, aka buɗe akwatin a 1794 aka rubuta abin da ke ciki. Daga nan sai Vienna, inda aka miƙa wa 'yarta Marie-Thérèse a 1796 bayan an sake ta daga tsare. Ita ba ta haihu ba, sai wani kaso ya koma ga 'yar da ta riƙa, Louise, wadda ta auri mai mulkin Parma, daga ita kuma sai ɗanta Robert. Wasu mundaye biyu masu daimon 112 da kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar a 2021 a kan sama da dala miliyan 8 sun bi wannan hanya, kuma an san Marie Antoinette ta saye su ne a 1776 daga hannun maƙerin fada Boehmer a kan kuɗin Faransa na lokacin, liba 250,000.

Wasiyya da takardar ƙidayar kaya

Waɗannan su ne zuciyar aikin. A Ingila, wasiyyoyin manyan mutane kafin 1858 galibi suna ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew, kuma ana iya neman kwafinsu ta intanet. A Faransa, idan mai hali ya mutu, magatakardan shari'a yakan shiga gida ya ƙidaya komai ɗaki bayan ɗaki, har da ƙiyasin kuɗi, kuma na Paris suna ajiye a ma'ajiyar takardun ƙasa. Yarjejeniyar aure ma takan lissafa abin da amarya ta shigo da shi.

Wahalar ita ce marubutan da ba su yi zaton wani zai zo bayan shekara ɗari biyu yana tambaya ba. Za ka ga an rubuta "sarƙar daimon ɗina babba" kurum, alhali matar tana da huɗu. Abin da zai cece ka shi ne adadin duwatsu da nauyi, shi ya sa na ce ka ƙirga naka tun farko. Ka kwafe kalmomin takardar yadda suke, a harshen da aka rubuta su, kafin ka fassara.

Dole kuma ka rarrabe kayan gadon sarauta da kayan mutum na kansa, domin hanyoyinsu daban ne. Na farko yana bin karaga, na biyu yana bin wasiyya. Su kansu sarakunan sun sha rigima a kan wannan. Gidan sarautar Hanover ya yi shekaru yana neman kayan Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku, daga Ingila, har a 1858 Sarauniya Victoria ta miƙa su, sannan ta sa aka ƙera mata wasu a madadinsu. Wanda bai san wannan ba zai ga sarƙa a wuyan Victoria kafin 1858 da wata bayan 1858 ya ɗauka guda ce.

Wata ƙofar kuma a kulle take. Tun rasuwar Yarima Francis na Teck a 1910 ake rufe wasiyyoyin 'yan gidan sarautar Birtaniya. Shi ya bar wa wata mata da yake hulɗa da ita zumurrudan gidansu, sai 'yar'uwarsa Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar, ta fanshe su da kuɗi. Wasiyyar Yarima Philip ma a 2021 kotu ta rufe ta na shekara 90. A irin wannan hali sai ka zagaya ta wasiƙu, da littattafan tunawa na fadawa, da ranar da aka fara ganin kayan a jikin wata.

Littafin maƙeri

Idan ka gano wanda ya ƙera kayan, ka yi sa'a. Manyan gidajen ƙira suna rubuta sunan mai saye, da rana, da adadin duwatsu, da kuɗi, har da duwatsun da mai kaya ya kawo daga gida aka cire daga tsohon ado. Cartier yana da ma'ajiya a Paris da Landan da New York, kuma yana buga lamba a jikin kayansa wadda ake iya bi zuwa littafi. Chaumet, wanda tushensa ya yi wa Napoleon aiki, yana ajiye da ɗaruruwan samfurin kambin mata da aka yi kafin a ƙera na gaske. Garrard shi ne maƙerin masarautar Birtaniya daga 1843 zuwa 2007, kuma tsofaffin littattafansa suna gidan tarihi na Victoria da Albert. Kamfanonin da ke raye ba sa buɗe wa kowa littafinsu, don sirrin masu saye. Ka rubuta musu da hotuna da lambar da ka gani, ka yi tambaya guda takamaimai.

Kundin gwanjo da shekarun hargitsi

Kayan sarauta ba sa barin gida cikin daɗin rai. Juyin mulki, yaƙi, bashi da harajin gado su ke fito da su, don haka ka san shekarun da aka yi ambaliya.

A Mayun 1887 gwamnatin Faransa ta yi gwanjon mafi yawan kayan masarauta, kuma kamfanin Tiffany na Amurka ya kwashi kaso mai yawa. Kambin lu'ulu'u da Lemonnier ya ƙera wa Sarauniya Eugénie, matar Napoleon na Uku, a 1853 ya fita a wannan gwanjo, ya shiga gidan Thurn und Taxis na Jamus, ya dawo Paris, gidan tarihi na Louvre, a 1992. A Rasha, gwamnatin Sobiyet ta sa masanin ma'adinai Fersman ya jagoranci ƙidayar taskar gidan Romanov, aka buga kundi mai hotuna a tsakiyar shekarun 1920, sannan a Maris 1927 Christie's ya sayar da kashi 124 a Landan. Wasu kayan kuma ta ɓarauniyar hanya suka fita. Kambin Vladimir, mai zobba 15 da suka sarƙe juna, wani Baturen Ingila mai suna Albert Stopford ne ya fitar da shi daga Petrograd a 1917. Mai shi, Gimbiya Maria Pavlovna ta gidan Romanov, ta rasu a 1920, 'yarta ta sayar wa Sarauniya Mary a 1921, Elizabeth ta Biyu ta gada a 1953.

Nemi kundin gwanjon da wani ya rubuta sunan mai saye da farashi a gefensa, shi ya fi amfani. Shafin Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa yana da tsofaffin kundaye da jaridu kyauta. Jaridun wancan zamani sukan ba da rahoton bikin manyan gida har da jerin kyautar da aka ba amarya da sunan wanda ya bayar. Sau da yawa sunan da za ka gani a gefen kundi na dillali ne, mai sayen gaske yana bayansa. Kuma abin da kundin gwanjo ya faɗa game da asalin kaya maganar mai sayarwa ce, ka bi ta da bincike. Haka ma akwati: tsohon akwati mai tambarin fada ana iya saka masa kowace irin sarƙa.

Hoto yana taimako, yana kuma yaudara

Hoton kyamara mai kwanan wata hujja ce mai ƙarfi cewa wance ta sa kayan a ranar kaza. Bai nuna nata ba ne, don aro ya yi yawa a tsakanin dangi. Zanen hannu ya fi haɗari, domin mai zane yakan ƙara girman dutse ko ya zana abin da bai gani ba.

Lu'ulu'un da ake kira La Peregrina ya isa misali. An san ya fito daga tekun Panama ya shiga taskar sarakunan Sifen, Joseph Bonaparte ya tafi da shi a 1813, ya bi ta hannun Napoleon na Uku zuwa gidan Abercorn, Richard Burton ya saya wa Elizabeth Taylor a 1969 a kan dala 37,000, aka sake sayar da shi a 2011 a kan dala miliyan 11.8. An daɗe ana cewa shi ne a ƙirjin Sarauniya Mary ta Ɗaya ta Ingila a zanen da aka yi mata. To ita ta rasu a 1558, shi kuwa ba a ga ambatonsa a rubuce ba sai 1579. Na jikin zanen wani lu'ulu'u ne daban mai kama da shi. Lissafin shekaru kawai ya rushe labarin da aka yi ta kwafa daga littafi zuwa littafi.

Idan an sauya wa kayan kamanni

Kambi yakan zama sarƙa, sarƙa ta zama 'yan kunne uku a raba wa 'ya'ya. A nan sai ka bar bin ƙarfe ka bi dutse. Amma dutsen ma ana sake yanka shi. Daimon ɗin Koh-i-Noor ya sauko daga karat 186 na tsohon awo zuwa 105.6 a 1852. Awon kansa ya sauya, domin karat na yau, gram 0.2, a 1907 aka amince da shi, ƙasashe kuma suka ɗauka a shekaru daban-daban. Kafin nan kowane gari da nasa. Ɗan bambanci tsakanin tsohuwar takarda da sikelinka ba ya nufin dutse biyu ne.

Shuɗin daimon ɗin nan na Hope shi ne babban darasi. Ɗan kasuwa Tavernier ya kawo wani shuɗin dutse daga Indiya ya sayar wa Louis na 14 a 1668, aka sake yanka shi a 1673 ya koma kusan karat 69. A Satumban 1792 ɓarayi suka fasa ma'ajiyar masarauta a Paris suka tafi da shi. A 1812, daidai lokacin da shekara 20 ta cika, sai ga wani shuɗin daimon ƙarami a Landan, wani mai sana'ar kayan ado, John Francillon, ya zana shi ya rubuta nauyinsa. Shi ne ya bayyana a kundin tarin Henry Philip Hope a 1839, ya bi ta hannun Cartier da Evalyn McLean da Harry Winston, ya ƙare a gidan tarihin Smithsonian na Amurka a 1958 da karat 45.52. An daɗe ana zargin dutse ɗaya ne, amma zargi kawai. Sai a 2007 aka tsinci wani zubi na dalma na tsohon dutsen Faransa a gidan tarihin halittu na Paris, aka auna shi da kwamfuta, aka ga na Hope ya shige cikinsa daidai. Duk da haka, wanda ya riƙe shi daga 1792 zuwa 1812 har yau giɓi ne. Labarin cewa dutsen yana da la'ana kuwa jaridun farkon ƙarni na 20 ne suka yayata shi, ba shi da gurbi a jerinka.

Rubuta sakamako, ka duba ko kayan sata ne

Jera hannuwan daga na farko zuwa na yau. Kowane layi ya ɗauki suna, shekaru, yadda kayan ya shiga hannun, da takardar da ta shaida tare da inda take ajiye. Ka raba kalmominka uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da alamu suka nuna, da abin da dangi ke faɗa. Giɓi ka bar shi a fili da shekarunsa. Wani lokaci amsar tana nan, ba a so a faɗa ne kawai. Daimon ɗin Florentine na gidan Habsburg, mai karat 137, an yi shekara ɗari ana cewa an sace ko an farfasa shi, sai a Nuwamban 2025 zuriyar gidan suka bayyana cewa yana ajiye a wani banki a Kanada tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Duk giɓin da ya faɗa tsakanin 1933 da 1945 a Turai yana buƙatar bincike na musamman saboda dukiyar da 'yan Nazi suka ƙwace, kuma Jamus tana da rajistar Lost Art don wannan. Ka kuma duba Art Loss Register da rajistar kayan tarihin sata ta Interpol, wadda ake iya bincika ta manhajar ID-Art a waya. Wancan kambin Eugénie yana cikin kaya takwas da aka sace daga Louvre ranar 19 ga Oktoba, 2025.

Kayan da aka kwasa lokacin mulkin mallaka ma da wannan hanya ake bin su. Zinariyar fadar Asante da sojojin Birtaniya suka ɗebo daga Kumasi a 1874, wani ɓangarenta ta hannun Garrard aka sayar da shi a Landan a wannan shekarar, kuma daga nan gidan tarihi na Victoria da Albert ya sayi nasa. A 2024 shi da Gidan Tarihin Birtaniya suka mayar da kaya 32 zuwa fadar Manhyia a matsayin aro, yayin da gidan tarihin Fowler na Amurka ya mayar da guda bakwai baki ɗaya.